Abin da Na Bari a Faranti

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan gudun safe

Jeruto ta sake wuce ni a hawan nan na bayan coci. Shekara biyu muna kwana a gado ɗaya mai hawa biyu, ita a sama ni a ƙasa, a fili kuma kullum ni ce gaba, har 'yan ajinmu suna ce mata jelar Chesang. Yau jelar ce ta riga isa ƙofar makaranta.

Na iso na tarar da ita ta dafa gwiwa tana haki. Ta ce, "Ke kuma me kika tsaya saye a hanya?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Koci Kibiwott ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya mayar da ido kan agogon. Da ma faɗa ya yi.

Kafin ƙarshen watan nan za a zaɓi 'yan mata shida da za su je gasar gunduma. Bara ba a ko tsaya shawara ba, sunana aka fara kira. Dole in ƙara ƙoƙari. Na san inda nauyin yake.

Talata, 4 ga Fabrairu, da rana

Githeri yau ma, masarar ta fi waken yawa. Na juye wa Jeruto rabin nawa. Ta ce, "Ke wai sadaka kike yi ne kullum?" Na ce na ƙoshi. Ta cinye har da sudar cokali.

Ina son kallon yadda take cin abinci. Ba ta tunanin komai, ci kawai take yi. Na manta yadda ake yin haka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Sanyi nake ji. Da tsakar rana 'yan mata suna fifita da littafi, ni kuwa rigar sanyi biyu ce a jikina kuma yatsuna kamar na wanke su a rafi. Barci ya kwashe ni a darasin lissafi. Malam ya buga tebur ya ce in gudu ne ya cinye mini ƙwaƙwalwa in faɗa masa ya daina wahalar da allinsa.

Na ari fil wurin Jeruto na kama ƙugun siket ɗina, yana ta zamewa. Ina jin robar ce ta saki. A madubin banɗaki dai ni ce, yadda na dawo daga hutun Agusta, ranar da aka ɗora mu ɗaya bayan ɗaya a sikelin kicin da ake auna buhun masara, aka faɗi abin da aka faɗa. Ba zan rubuta shi ba. Wadda ta faɗa ma ta gama makaranta, ina jin ko sunana ta manta.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da la'asar

Ranar ziyara. Mama ta zo a motar haya ta farko, da gorar mursik, nonon nan mai gawayi da Gogo kakata ta haɗa mini da hannunta, da gurasar capati a naɗe cikin jarida. Muka zauna a gindin bishiya gefen fili.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Wai ba sa ba ku abinci a nan?"

"Atisaye ne, Mama. Haka 'yan gudu suke."

"Na haifi 'yar gudu kafin ke, ban ga wuyanta ya koma haka ba."

Ta taɓo Yaya Jelagat ke nan. Yaya ma a nan ta yi. A filin nan ta yi gudun da har yau ba wadda ta kamo, a aji uku kuma aka mayar da ita gida da akwatinta. Yanzu 'yarta Cherop har ta fara tafiya. Ban tambayi lafiyarsu ba. Tun lokacin ni da Yaya gaisuwa ce kawai, ban san ta inda zan fara ba.

Da Mama za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Babanki yana gaya wa kowa a wurin awon madara cewa bana za a ji sunanki a rediyo. Ke kaɗai kika rage mana, Chesang. Ki kama kanki."

Na ce to.

Mursik ɗin 'yan ɗakinmu suka shanye, suna ta yabon Gogo. Ƙamshin nonon da gawayin ya ƙi barin ɗakin. Na fita na zauna a waje.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan coci

Lafiyata ƙalau.

Talata, 11 ga Fabrairu, bayan gudun safe

Akwai wani wuri a ƙwaurina na hagu, bai fi kan yatsa faɗi ba. In na danna sai in ji har cikin haƙorina. Da can in jiki ya ɗau zafi yakan lafa, yau bai lafa ba. Na yagi tsohon ɗankwali na ɗaure, na ja safa a kai.

Koci ya ce, "Chesang, ɗingishi kike yi?"

"Tsakuwa ce a takalmi, Koci."

"To cire ta mana."

Na zauna na cire takalmin, na zazzage shi a gabansa.

Bayan nan ya tara mu ya yi hudubarsa ta kowane mako: ku ci abinci, ku sha ruwa, ku yi barci. 'Yan mata sun haddace, suna motsa baki tare da shi. Mutumin kirki ne, na sani. Shi ne kuma ya aro sikelin.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da hantsi

A taron safe ana cikin addu'a ƙasa ta juya da ni. Ban faɗi ba, Jeruto ta tare ni da kafaɗa. Na lallaɓa bayan aji. Shayi ne kawai a cikina, shi ma ya dawo.

Metiron, mai kula da ɗakunan kwananmu, tana tsaye a baranda. Ta gani.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

An yi binciken akwatuna, wai waya ake nema. Metiron ta ɗaga zanin gadona na biyu ta ga ƙunsoshin audugar mata da Mama ke saya mini.

"Waɗannan na yaushe ne?"

"Na zangon bara."

"Waɗannan fa?"

"Na bana."

Ko ɗaya ba a buɗe ba. Ta rufe akwatin a hankali, ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta ce, "Ke ƙanwar Jelagat ce, ko?" A gaban kowa ta faɗa.

Ni da abin ya daina zuwa murna na yi. Ba ciwon mara, ba fashin atisaye. An ce manyan 'yan gudu ma haka suke. Ban taɓa kawo wa raina wani zai lissafa shi ta wannan hanyar ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da rana

Kowa ya sani. Abin da suka sani ɗin ma ba shi ba ne.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da la'asar

A bakin famfo wasu 'yan aji huɗu suka fara rera waƙar rarrashin jariri da na ajiye bokiti. Jeruto ta ce wa babbarsu in ta sake buɗe baki za ta cusa mata sabulu a ciki. Jeruto da ba ta kai kafaɗar yarinyar ba.

A hanyar komawa ta ce, "Chesang, ni dai ki gaya mini gaskiya."

"Har ke?"

"Ban ce ba. Tambaya na yi."

"Wane namiji na sani ban da Koci da mai gadi? Zaɓi ɗaya."

Ta yi dariya har ruwanta ya zube. Sai kuma ta ce, "Jiya da kina sa riga na ga haƙarƙarinki. Kin koma kamar tsuntsuwa." Na jira in ji tausayi a muryarta, ban ji ba. Wani abu ne daban.

Metiron ta ce ranar Alhamis za ta kai ni wurin Sista Naliaka a ɗakin shan magani. Zaɓen kuwa Laraba ne. Aƙalla zan yi gudun tukuna.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da asuba

Yau ne. Ƙafar ta kwana tana bugawa. Lafiyata ƙalau.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da rana, a ɗakin shan magani

A zagaye na uku ne. Ban taka komai ba, ba wanda ya ture ni. Na dai ji kamar an karya ɗanyen kara a cikin safata, sai ga ciyawa a bakina. Koci ne ya ɗauko ni. Ina jinsa yana ce wa mai gadi, "Yarinyar nan ba ta da nauyin komai."

Mama ta iso yau da safe. Metiron ta riga ta yi mata bayaninta a waya. Ba ta zauna ba, ba ta dubi ƙafar ba.

"Waye?"

"Mama, ba haka..."

"Na ce waye? Sau biyu, Chesang? Sau biyu zan ɗauki akwati daga makarantar nan mutane suna kallona?"

Sista Naliaka ƙatuwar mace ce, 'yar Bungoma, in tana magana ba ta sauri. Ta ce wa Metiron ta ɗan ba mu wuri. Ta ba ni 'yar roba, ta taimaka mini zuwa banɗaki, ta yi gwajinta a gaban Mama. Can ta ɗago.

Ta ce, "Ba ciki, Mama. Ba komai a cikin yarinyar nan, kuma shi ne ciwon."

Sannan ta jawo kujera ta zauna daf da ni. Ta tambaye ni yaushe rabona da al'ada. Na faɗa. Ta tambaye ni me na ci jiya, me na ci shekaranjiya. Na buɗe baki in ce na ƙoshi, sai maganar ta ƙi fita. Ba ta matsa mini ba.

Ta juya ga Mama ta ce, "Yarinya mai shekara goma sha shida jikinta gini yake yi, ga gudu safe da yamma. In abinci bai ishe shi ba, sai ya fara rufe ɗakunan da yake ganin za a iya rayuwa ba su. Al'ada ce ke fara tafiya. Daga nan ƙashi ya fara laushi. Ɗaukewar nan ba alamar ƙwarewa ba ce, jiki ne ke kuka. Waɗanda suka ce miki haka manyan 'yan gudu suke, Chesang, ba su gaya miki nawa ne suka ƙare a kan gadon nan ba."

Mama ta zauna a bakin gadon. Ta cire ɗankwalinta ta rufe fuska da shi. Ta ce, "Na gode Allah." Can kuma ta ce, "Allah ya yafe mini. Murna nake yi wai yunwa ce kawai ke kashe mini 'ya."

Ta kai hannu ta taɓa ƙafar. Sai a lokacin na yi kuka.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da yamma, a gida

An ɗauki hoton ƙashin a asibitin gari. Tsagewa ce, siririya kamar gashi, sai da likita ya nuna mini da biro. Sanduna biyu, ƙwayoyin ƙarin jini, ba gudu sai ranar da ya ce. Na tambaye shi yaushe ne ranar. Ya ce farantina zai gaya masa, ba ƙafata ba.

Jeruto ce ta zo ta farko a zaɓen. Na ji daɗi. Na rubuta na ji daɗi.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da hantsi

Gogo ta leƙo ɗaki ta ce, "Wa ya jingine mini karan masara a kan gado?" Na ce, "Ke da ba haƙori me ya kai ki zancen masara?" Ta ce haƙorinta ɗaya ya fi cinyata kauri. Ita kaɗai ce ba ta canja murya in za ta yi mini magana.

Baba bai ce mini komai ba tun da na dawo, ban da sannu. Amma da safe na ga ya tsince duk duwatsun da ke hanyar banɗaki, ya cike ramin bakin ƙofa da ƙasa ya daddaɓe, saboda sanduna. Madarar ma yanzu ɗan maƙwabta yake ba wa ya kai awo.

Sista ta ce abinci sau uku a rana, da ɗan wani abu a tsakani, kuma kada in ci ni kaɗai. Mama tana gona, Gogo barci ke ɗauke ta. Saboda haka Yaya Jelagat aka ba aikin. Takan ajiye farantin, ta zauna a kan turmi da Cherop a cinya, ta kalli waje.

Ba wanda zai gane wannan. Ugali ne, tuwon masararmu, da ganye, abin da na tashi da shi. Amma kowace loma sai in ji kamar sata na yi.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da safe

Na yi wa Mama tsawa a kan ƙwai. A kan ƙwai.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, da la'asar

Yau Yaya ta yi magana.

Tana ba Cherop dankali, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Da aka bugo waya aka ce ciki gare ki, kin san me na ji? Daɗi. Na ɗan lokaci kaɗan. Na ce yanzu mun zama mu biyu, za a raba kallon."

Na ce, "Yi haƙuri da ban cika miki buri ba."

Ta yi dariya har Cherop ta tsorata. Rabon da in ji dariyar nan tun ina firamare.

Sai ta ce, "Ni ma ai jikina ya buɗe, a ƙarshen aji ɗaya. Ƙugu, ƙirji, komai a lokaci guda. Ƙafafuna suka zama kamar na aro. Na koma ta tara, ni da ban san bayan kowa ba. Kuka na dinga yi a banɗaki."

"Sai me?"

"Sai ba komai. Na ci gaba da cin ugalina, don ni ba na wasa da ciki. Wajen shekara guda jikin ya zauna, na saba da shi, ƙarfi ya zo wanda ban taɓa ji ba. Gudun nan da ake ta faɗa, bayan nan na yi shi. Da jikin nan da kike gudu."

Na ajiye cokali. Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kin tambaye ni? Ke da ko ido ba kya haɗawa da ni, kamar abin nawa ana ɗauka ta numfashi."

Gaskiya ta faɗa. Cherop ta sauko ta tako har wurina, ta kama sandata tana jijjigawa.

Can Yaya ta ce ta koma gudu. Kullum kafin tatsa, ta hanyar gonar shayi, Mama na riƙe yarinyar. Ta ce ba don rediyo ba. Ta ce, "Ni dai in na kai saman tudun nan ina jin ni ce."

Na cinye abincin. Ya huce, amma na cinye.

Litinin, 3 ga Maris, da safe

Ruwan farko ya sauka jiya. Baba da Mama sun fita da irin masara tun gari bai gama wayewa ba. Ina zaune a bakin ƙofa 'yan sansanin gudu na garinmu suka wuce a titi, su da yawa, takunsu ɗaya, jar laka har gadon bayansu. Ƙafata mai lafiya ta dinga motsi da kanta.

Sai da suka ɓace na lura riga ɗaya ce a jikina, kuma ba na jin sanyi.

Alhamis, 6 ga Maris, da rana

Yau ban iya ba. Na gwada siket ɗin makaranta, ya zauna ba fil. Yaya ta zauna har abincin ya sandare, ta ɗauka ta ɗumama ta dawo da shi, ta sake zama. Rabi na ci.

Litinin, 10 ga Maris, da yamma, a makaranta

Na dawo. Ba wanda ya rera komai. Metiron ta karɓi jakata ta kai mini har gado, tana ta magana a kan ruwan sama.

Koci ya same ni a baranda. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce sikelin ya koma kicin, can ne wurinsa. Ya ce shi ya ga ina ramewa ya ɗauka himma ce. Sannan ya ce, "Fili yana nan, Chesang. Ba inda za shi." Ya tafi da sauri kamar ana kiransa.

Jeruto ta zo ta biyu a gunduma, za ta gasar yanki. Ta rungume ni har sandata ta faɗi. Da na riƙe ta sai na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Da ba haka take ba.

Talata, 11 ga Maris, da rana

A barandar Sista nake cin abinci yanzu, amma yau ta je gari, na shiga babban ɗaki. Ina kallo Jeruto ta juye wa wata 'yar aji ɗaya rabin githerinta. Yarinyar ta ce, "Yaya, ke fa?" Jeruto ta ce, "Na ƙoshi."

Har yadda ta karkatar da kai, nawa ne.

Laraba, 12 ga Maris, da la'asar

Na same ta a wurin shanya. Na ce, "Jeruto, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kar ki yi mini haka. Ni na san wannan hanyar, na san inda take fita."

Ta ci gaba da matse rigarta. Ta ce, "'Yan matan da suka zo gunduma kin gan su? Wadda ta wuce ni iska ma za ta ɗauke ta. Kaɗan kawai zan rage, ni ba zan kai naki ba."

"Ni ma kaɗan na ce."

"Ke daban."

"Lokacin da kike wuce ni a hawan coci, wa ke cin abincin mutum ɗaya da rabi? Ke kin taɓa tambayar kanki?"

Ta jefa rigar a bokiti. Ta ce, "Faɗi gaskiya dai, hassada ce. Shekara biyu ina bin bayanki ba ki ce ina da ciwo ba, sai yau da aka fara kiran sunana. Kin samu taki damar kin karya ta, ki bar ni da tawa." Idonta ya kawo ruwa. "In kika kai ni wurin Sista, ni da ke har abada."

Ta ɗauki bokitin ta tafi. Ta san ba zan iya bin ta ba.

Alhamis, 13 ga Maris, da hantsi

Na yi ta juya maganar. Ko hassadar ce? Na duba cikina da kyau, akwai ta, 'yar kaɗan, ba zan ce babu ba. In na ga ta ɗaura takalmi sai in kau da kai. Amma na cire wannan na ajiye gefe, na sake dubawa, kuma ƙasusuwan bayanta suna nan a tafin hannuna.

Ni mutum nawa suka gani? Mama ta gani, Koci ya gani, Jeruto da ke cinye rabin nawa ta fi kowa gani. Kowa ya tambaya sau ɗaya, na ba shi amsa, ya karɓa don ya fi sauƙi. Da a ce wani ya ƙi karɓa, da na tsane shi. Da kuma yanzu ina kan ƙafafuna.

Ita ce ta tsaya mini a bakin famfo.

Alhamis, da yamma

Na je wurin Sista.

Juma'a, 14 ga Maris, da safe

Ta kwashe kayanta ta koma gadon ƙarshe kusa da ƙofa. Katifar sama ba kowa.

Litinin, 17 ga Maris, da la'asar

An rage mata atisaye. Koci ya ce zuwanta gasar yanki yana hannun Sista, shi ba zai sa baki ba. 'Yan ƙungiyar gudu sun sa mini suna 'yar rahoto. Da na shiga aji aka ja kujeru.

Na ci abincina duka. Ba daɗi, amma duka. Sista ta ce akwai wata mata a asibitin gari da aikinta shi ne sauraron irin abin da ke kaina, ranar Juma'a za ta kai ni. Na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce ita ma ba ta ce ba, ƙafa an ɗaure, saura abin da ya karya ta.

Alhamis, 20 ga Maris, bayan hutun hantsi

Ina barandar Sista da kofin kununa, sai ga Jeruto. Ita ma an sa ta zuwa shan na hantsi. Kwana uku tana karɓa ta tsaya can bakin tanki ta ba ni baya. Yau ruwa ake yi, ba wurin tsayawa.

Ta tsaya a kaina ta ce, "Ban yafe miki ba."

"Na sani."

"Matsa."

Na ja sanduna, ta zauna a ƙarshen bencin. Ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Wannan kunun ko gidan yari sai haka. Sukari ma rowarsa ake yi."

"Na jiya ya fi muni."

"Ba da ke nake ba."

Muka yi ta kallon ruwa yana zuba daga kwano. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta daɗe ba ta sake kai shi baki ba. Ban dube ta ba, na san yadda kallo yake a irin wannan lokacin. Na dai ci gaba da shan nawa a hankali, yadda ba zan riga ta gamawa ba.

Can, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Naki ya dawo?"

"Tukuna. Sista ta ce sai jiki ya yarda ba za a sake yi masa haka ba."

Ta juya kofin a hannunta. "Nawa ma bai zo ba watan nan. Ban gaya wa kowa ba. Sai Sista, jiya."

Na ce, "To."

"In ya dawo ki gaya mini."

"Ke ma."

Aka buga ƙararrawa. Ba wadda ta tashi. Sista ta leƙo ta taga, ta dubi kofunanmu, ta ce malamin lissafi zai iya jira.